Muryar Dattawa a Zamanin Wayar Salula: Wa Zai Adana Ta?

Akwai wani ƙorafi da ya zama ruwan dare a tsakanin 'yan bokon Arewa a 'yan shekarun nan, wanda kusan duk majalisar da ka zauna, a ofis ne ko a wurin ɗaurin aure, sai ka ji an taɓo shi. Ƙorafin kuwa shi ne, wai iyayenmu da kakanninmu sun shigo WhatsApp da Facebook sun hana kowa sakat. Wani ya ce tun kafin a kira assalatu mahaifinsa ya turo masa saƙon murya na minti 15. Wata ta ce gwaggonta ba ta da aiki sai yaɗa labarin wani ganye da ke warkar da ciwon suga da hawan jini cikin kwana uku. Wani kuma ya ce shi kam ya daina buɗe zauren WhatsApp na danginsu gaba ɗaya don ya huta. Akan faɗi wannan ana dariya, a tashi a watse, ba tare da wani ya tsaya ya tambayi kansa ba, shin me waɗannan bayin Allah suke faɗa, kuma me ya sa sai yanzu suke faɗarsa?

Ni dai ra'ayina ya sha bamban, kuma shi nake son in gabatar wa mai karatu a yau. A ganina, shigowar dattawa cikin waɗannan kafafe wata dama ce da al'ummar Hausa ba ta taɓa samun irinta ba, ta jin tarihinta kai tsaye daga bakin waɗanda suka gan shi da idonsu, talakansu da basarakensu, mazansu da matansu. Sai dai dama ce mai ƙarewa, domin masu maganar kullum raguwa suke yi, kuma abin da suke faɗa ba a ajiye shi a ko'ina. Idan muka ci gaba da yi musu dariya har suka ƙare, to jikokinmu za su koma neman labarin ƙasarsu a littattafan baƙi, kamar yadda mu ma muka yi.

Kafin mu fahimci girman abin da ke faruwa, ya kamata mu waiwayi yadda tsoho ya rasa muryarsa tun farko. A ƙasar Hausa ta da, ba a tambayar inda muryar tsoho take, domin kuwa ita ce ke tafiyar da gida da unguwa. Maigida yana zaure, nan ake kawo masa ƙara, nan ake neman shawararsa kan aure da gado da iyakar gona. Tsohuwa kuma tana tsakar gida, ita ce mai tatsuniya da dare, ita ce ta san wane ya haifi wane, ita ce mai kula da wankan jego. Sana'a ma haka take, marini da majemi da maƙeri da baduku duk a bakin na gaba suke ɗaukar karatu. Sai boko ya zo da nasa ma'auni, wanda ya ce mai ilimi shi ne wanda ya iya rubutu da baƙaƙen Turawa. Aka wayi gari alaramman da ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka, yake kuma rubuta wasiƙa da ajami, ana lissafa shi cikin jahilai a takardun hukuma.

Kafafen yaɗa labarai da suka biyo baya sun ƙara nisanta shi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ta buɗe wa masu karatu filin wasiƙu, amma sai wanda ya iya boko ko ya sami mai rubuta masa. Rediyo kuwa, tun daga Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 har zuwa Rediyon Kaduna a 1962, ya shiga kusan kowane gida da kowace ruga, amma shi rediyo baki gare shi, ba shi da kunne. Iyakar mai sauraro ya aika takarda zuwa Zaɓi Sonka ko Amsoshin Takardunku, ya zauna jiran makonni ko za a karanta sunansa. A gefe guda kuma aiki ya kwashe 'ya'ya zuwa Kaduna da Legas, daga baya Abuja. Zaure ya koma shago ko wurin ajiye mota, talabijin da fina-finan bidiyo suka karɓe lokacin tatsuniya. Tsoho bai daina sanin abin da ya sani ba, masu sauraronsa ne suka watse.

Zuwan wayar salula a Nijeriya a watan Agustan 2001 bai warware wannan nan take ba. A farkon zuwanta minti ɗaya naira 50 ne, don haka magana ba ta wuce gaisuwa da sanar da rasuwa ko haihuwa. Saƙon tes kuma rubutu ne, wanda ya sake fifita ɗan boko. Gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Freedom a Kano, wadda ta soma aiki a ƙarshen 2003, sun buɗe layin waya ga masu sauraro, amma minti biyu ne a katse ka. Facebook ma, duk da cewa ya sanya Hausa cikin harsunansa a 2016, yawancinsa karatu da rubutu ne. Abin da ya sauya lissafi shi ne saƙon murya, wanda WhatsApp ya shigo da shi a 2013, daidai lokacin da wayoyi masu araha ƙirar Sin suka fara cika kasuwanninmu. Danna, ka yi magana, ka saki. Ba sai ka san baƙi ko wasali ba. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya kishingiɗa a kan tabarmarta a Ɗambatta ko Tasawa, ta yi magana son ranta, kafin ta gyara zama muryarta ta isa ga ɗanta a Kumasi da jikarta a Jidda.

To me muke ji daga gare su? Akwai rukunin farko, wato manyan 'yan boko da shekaru suka fara ja, waɗanda suka mayar da Facebook tamkar shafin jarida na kansu. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda aka haifa a 1956 kuma ya shugabanci Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa daga 2016 zuwa 2021, ya rubuta dogayen bayanai masu yawa a can kan tarihin Kano da kiɗa da fim da littattafan Hausa, irin bayanan da a da sai a mujallun jami'a ake samunsu. Alhaji Sule Lamido, wanda aka haifa a 1948 kuma ya taso a siyasar PRP, ya sha fitowa a shafinsa ya faɗi ra'ayinsa ba tare da jiran ɗan jarida ya zo ya tambaye shi ba. Ko ka yarda da abin da irin waɗannan suke faɗa ko ba ka yarda ba, matashin da ke Gashuwa ko Yawuri yana iya karanta su a ranar da suka rubuta, har ya yi tambaya a ba shi amsa.

Amma rukuni na biyu ya fi ɗaukar hankalina, wato dattawan da babu wanda ya san su sai danginsu da unguwarsu. A zauren danginmu akwai wata gwaggo da ta haura shekara 80. Wata rana gardama ta kaure tsakanin samarinmu a kan ko gaskiya ne muna da 'yan'uwa a Sudan. Kowa ya kawo nasa kame-kame, har masu digiri biyu a cikinmu. Sai ga saƙonta ya shigo, ta fara da sallama da yi wa kowa addu'a, sannan ta warware zance dalla-dalla: yadda ƙanin kakanmu ya tashi aikin Hajji a ƙasa, ya bi ta Barno ya ratsa Chadi, yana tafiya yana tsayawa yin noma da ɗinki don neman guzuri, yadda ya yada zango a Mai Wurno a bakin kogin Nilu ya yi aure a can, da sunayen 'ya'yan da ya bari. Babu littafin da wannan labari yake ciki. Ita kaɗai ta rage da ta ji shi daga bakin wanda ya yi tafiyar. Na tabbata babu zuriyar da ba ta da irin wannan gwaggo, ko wani baba tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ko tsohon soja, ko wanda ya yi aiki a masaƙar Kaduna tun tana cikin ganiyarta.

Wannan abu ba a ƙasarmu kaɗai ya faru ba. A Ingila an yi wani dattijo mai suna Peter Oakley, haifaffen 1927, wanda a 2006 ya fara zama gaban kyamara yana ba da labarin rayuwarsa a YouTube, har ya zama wanda ya fi kowa mabiya a kafar a wani lokaci a shekarar, kuma yawancin masu sauraronsa sa'o'in jikokinsa ne. Wani ɗan ƙasar tasu, Harry Leslie Smith, wanda ya rasu a 2018 yana da shekara 95, ya yi amfani da Twitter yana tuna wa matasa irin talaucin da aka sha kafin a kafa tsarin kula da lafiya kyauta, don kada su yi sake a rushe shi. A Indiya kuma wata tsohuwa 'yar ƙauye mai suna Mastanamma, wadda aka ce ta haura shekara 100, ta yi suna a duniya da girkin gargajiya a kan murhun itace, wani ɗan zuriyarta yana ɗauka yana sakawa. Darasin da ke cikin waɗannan misalai shi ne, matasa ba sa ƙin sauraron tsoho idan abin da ya gani da idonsa yake faɗa, kuma sau da yawa akwai wani yaro a gefe da ya riƙe masa na'urar.

Me ya sa nake cewa lokaci yana ƙure mana? Mu yi ɗan lissafi. Wanda yake da shekara 20 ranar da aka ba Nijeriya mulkin kai a 1960, yau ya kai 85 ko ya haura. Waɗanda suka kai shekara 65 a ƙasar nan kuwa ba su fi kashi 3 cikin 100 na jama'a ba, yayin da kusan rabin al'umma ba su kai shekara 20 ba. Wannan 'yar ƙaramar tawaga ita ce ta ga rikicin Kano na 1953, da hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, da dalar gyaɗa, da zamanin En'e da alƙalanta da 'yan dokarta, da gwagwarmayar NEPU da NPC. Su ne suka ji sanarwar kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966, suka ga yaƙin basasa, suka ga ranar da aka koma tuƙi a hannun dama a 1972, da ranar da naira ta maye gurbin fam a 1973, da farin da ya halaka dabbobi a farkon shekarun 1970, da ranar da gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979. Littattafai sun ba mu ranaku da sunayen shugabanni. Amma yadda talaka ya ji a jikinsa, nawa aka sayar da tiyar gero, wa ya gudu ya bar garinsu saboda kuɗin haraji, wannan sai a bakinsu.

Manyan mutane ba su cika shiga wannan haɗari ba. Alhaji Shehu Shagari ya rubuta tarihin rayuwarsa kafin ya rasu a 2018. Ɗanmasanin Kano Alhaji Yusuf Maitama Sule ya rasu a 2017, amma jawabansa suna nan a faifai, har yau matasa suna tura wa juna. Wanda ake jin tsoron ɓacewarsa shi ne labarin mutum gama-gari, musamman mace. A nan ne ya kamata mu tuna da Baba ta Karo. Tsohuwa ce Bahaushiya da aka haifa wajen 1877, ba ta iya karatu ko rubutu ba. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 wata Baturiya, Mary Smith, matar masanin nan M. G. Smith, ta zauna da ita a ƙasar Zazzau tana rubuta abin da take faɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954. Har yau duk mai nazarin rayuwar matan Hausa kafin zuwan Turawa da bayansa, da harin bayi da aure da ƙawance da bori, sai ya bi ta kansa. Haka ma Alhaji Mahmudu Ƙoƙi, malamin Kano da ya yi aiki da Bargery a kan ƙamusun Hausa, wanda Neil Skinner ya tattara labarinsa aka buga a 1977. A zamanin Baba akwai dubban tsofaffi irinta, amma ita kaɗai aka ji, saboda ita kaɗai ta sami wanda ya zauna ya saurare ta. Yau kuwa na'urar da ta fi ta Mary Smith tana aljihun kowannenmu.

Mun ma ga abin da waɗannan kafafe suke iya yi wa tsohon da aka manta da shi. Marigayiya Magajiya Ɗambatta, zabiyar da muryarta ta cika gidajen rediyo a shekarun 1970, ta tsufa ta makance har ta kai ga bara, yawancin masu jin waƙoƙinta ma sun ɗauka ta daɗe da rasuwa. Sai da labarinta ya bazu a kafafen sada zumunta, ɗan jarida Jaafar Jaafar ya jagoranci neman taimako, jama'a suka tara kuɗi don sama mata muhalli, 'yan jarida suka je suka ji ta bakinta kafin Allah Ya karɓi abarsa a 2021. Abin farin ciki ne, amma kuma abin tambaya ne: Magajiya nawa ne suka tafi ba a kai gare su ba?

Babbar matsalar ita ce, maganar da ke cikin waya ba ajiyayya ba ce. Tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo suna nan a ɗakunan adana tarihi, mai bincike yana iya zuwa ya buɗe. Kaset ɗin da aka ɗauka shekara 40 da suka wuce, idan bai sha rana ba, yana iya yin magana. Amma saƙon murya fa? Waya ta faɗa ruwa, ko ɓarawo ya fizge ta a kasuwa, ko ta cika jika ya goge komai don ya sami wurin saka waƙa, shi ke nan an yi asara. Wanda ya tsira ma yakan yi ta yawo daga waya zuwa waya babu sunan mai magana, babu garinsu, babu ranar da aka ɗauka, har ya zama ba shi da amfani ga mai tarihi. Kamfanonin da suka mallaki waɗannan kafafe kuma 'yan kasuwa ne a Amurka da Sin, ba su ɗauki alkawarin adana tarihin Hausawa ba, suna iya rufe shafi ko sauya doka duk ranar da suka ga dama.

Ban ce masu ƙorafi ba su da hujja ba. Gaskiya ne dattawa da yawa suna yaɗa abin da ba su tantance ba, kuma wani lokaci abin yakan yi muni. Ba mu manta da watan Agustan 2014 ba, jim kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas, aka tashi mutane da tsakar dare da kira da saƙonni cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Aƙalla mutum biyu sun rasa ransu, wasu da dama aka kwantar a asibiti, ga kuma masu hawan jini da gishiri guba ne a gare su. A Amurka ma wani bincike da aka wallafa a 2019 ya gano cewa a lokacin zaɓen 2016, waɗanda suka haura shekara 65 sun yaɗa labaran ƙarya a Facebook kusan ninki bakwai na abin da matasa 'yan ƙasa da shekara 30 suka yaɗa. Shi kansa WhatsApp sai da ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda a 2019 saboda irin wannan annoba.

Sai dai ya kamata mu fahimci dalili. Mutumin da ya shekara 50 yana sauraron rediyo ya saba da cewa duk abin da ya fito daga akwati ya bi ta hannun edita, shi ya sa idan ya ce "an faɗa a BBC" gardama ta ƙare. Wannan amana ce ya ɗauko ya ɗora wa waya, bai san cewa a nan kowa edita ne ba, har da maƙaryaci da ɗan damfara, ga kuma sabuwar fasahar da ke iya kwaikwayon muryar malami ko basarake ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. Maganin wannan ba tsawa ko izgili ba ne. Dattijon Arewa ya riga ya san ƙa'idar da za ta tsare shi, domin tun yana yaro yake jin malamai suna cewa ba a karɓar hadisi sai an san wa ya ruwaito shi, daga wa, kuma amintacce ne ko a'a. Idan ka ce wa mahaifinka, "Baba, wannan saƙon ba shi da isnadi," zai gane ka nan take, fiye da ka yi masa dogon Turanci. Haka kuma wajibinmu ne mu koya musu cewa banki ba ya kiran mutum ya nemi lambar sirrinsa, kuma duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambobi shida da suka shigo waya, to shafin yake son sacewa ya damfari dangi da sunansu.

Abin lura kuma shi ne, akwai bambanci tsakanin abin da tsoho ya turo da abin da tsoho ya faɗa. Na farko ba nasa ba ne, tsintarsa ya yi. Na biyu shi ne dukiyar. Kuskurenmu shi ne mun haɗa su mun yi musu kuɗin goro, muka daina buɗe saƙon gaba ɗaya. Ko abin da ya faɗa da bakinsa ma ba wahayi ba ne. Tsufa yana kawo mantuwa, kuma kowa yana ba da labari ne daga inda ya tsaya. Ɗan NEPU da ya sha ɗauri da ɗan sarkin da mahaifinsa ya yi hukuncin ba za su ba ka labari iri ɗaya ba. Wannan ba aibu ba ne, aikin mai tarihi ne ya ji duka biyun ya auna. Amma ba zai auna abin da ba a ajiye masa ba.

Akwai kuma wani abin takaici da ke korar dattawa masu mutunci daga waɗannan kafafe, wato rashin kunyar wasu matasa. Za ka ga mutum ya yi jika da kai, ya yi wa ƙasa hidima shekara 35, ya faɗi ra'ayinsa, sai yaron da ko sallama ba zai iya yi masa ido da ido ba ya ɓoye a bayan sunan ƙarya ya zazzaga masa ashar. Da yawa sun yi shiru saboda haka, sun ce mutuncinsu ya fi. Ba ina cewa kada a yi wa babba gardama ba ne. Malam Aminu Kano da Sa'adu Zungur ma da gardama suka taso. Amma gardama da hujja daban, cin mutunci daban. Su ma dattawa akwai nasu nauyin. Magana zarar bunu ce, kuma wadda aka ɗauka a waya ta fi kowace wuyar mayarwa. Furfura ba ta halatta wa mutum ya zama kakakin ɗan siyasar da ya biya shi, ko ya hura wutar gaba tsakanin ƙabilu da ɗariƙu ba.

To mene ne abin yi? Na farko yana kanmu, mu 'ya'ya da jikoki. Duk wanda Allah Ya bar masa tsoho a gida, ya ware lokaci ya zauna da shi, ya nemi izninsa, ya kunna na'urar ɗaukar murya ta wayarsa. A fara da faɗin sunan mai magana da garinsu da kwanan wata. Kada a ce masa "ba mu tarihi," domin zai ce shi ba malami ba ne. A tambaye shi abin da ya taɓa rayuwarsa: wace sana'a mahaifinka ya yi, ina kake ranar da aka kashe Sardauna, nawa ne sadakin aurenka na fari, me kuka ci a shekarar fari? A tambayi tsohuwa waƙoƙin daka da niƙa da na gaɗa, da yadda ake haɗa daddawa, da sunayen kakanni har inda ta iya kaiwa. Kada a katse ta, kada a gyara mata Hausa, domin ita kanta Hausar tata abin adanawa ce. Sannan a kwafe abin a ajiye a wuri fiye da ɗaya, a raba wa 'yan'uwa. Abin da ya shafi sirrin gida kuma a bar shi a gida.

Na biyu yana kan cibiyoyinmu. Muna da Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith. Muna da Gidan Mambayya a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da sassan Hausa da na tarihi a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da sauransu. A Yamai akwai cibiyar CELHTO, wadda tushenta ya faro a 1968 musamman don tattara tarihin baka. Me zai hana waɗannan su buɗe wata hanya da iyalai za su riƙa aiko da abin da suka ɗauka, a tantance, a rubuta, a adana da sunan mai shi? Me zai hana a ɗora wa kowane ɗalibin Hausa ko tarihi hira da dattijo ɗaya kafin ya kammala digiri? Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda aka sa wa dokar kafa ta hannu a 2018, ita ma ya kamata ta gane cewa bayan magani da fansho, tsoho yana bukatar a saurare shi. Gidajen rediyonmu kuma, da suke da sa'o'i na sayar wa sojojin baka, ba za su rasa rabin sa'a a mako ba da za su ba tsohon direba ko unguwarzoma.

A 1960 masanin nan ɗan ƙasar Mali, Amadu Hampate Ba, ya tsaya a taron UNESCO ya kwatanta mutuwar tsoho a Afirka da gobarar ɗakin karatu. Shekara 60 da ɗoriya ke nan muna maimaita wannan magana a tarurruka, muna tafawa, gobarar kuma tana ci. A wancan lokaci muna da uzuri, domin na'urar ɗaukar magana sai jami'a ko gidan rediyo. Yau uzurin ya ƙare. Dattawan sun riga sun yi nasu, sun koyi danna waya da hannu mai rawa da ido mai hazo, sun buɗe baki suna magana. Saura mu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da aka shimfiɗa tabarmar zaman makoki ba ranar tambayar tarihi ba ce.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa iyayenmu da suka rage lafiya da nisan kwana, Ya ba mu ikon sauraronsu tun suna raye. Amin.